Dausayi ko tafkin gona: ina ya fi kallon tsuntsayen ruwa da hunturu?

Ɗan'uwa, ka tambaya inda ya fi dacewa ka nufa da hunturun nan domin kallon tsuntsayen ruwa, dausayi ko tafkin gona, tunda safiya ɗaya kake samu a mako. Kafin ka zaɓa, duba zurfin ruwan da yanayin gaɓarsa, don su ne ke yanke wanda zai sauka.

Dausayi ruwansa shimfiɗaɗɗe ne, wani wurin ko idon sawu bai kai ba, gefensa kuma laka. Nan ne abincin tsuntsayen gaɓa yake, masu dogayen ƙafafun nan da suka baro arewacin duniya gudun sanyi. Ka zuba musu ido za ka ga kowa da salon kiwonsa. Mai gajeren baki da manyan idanu yakan sheƙa da gudu, ya tsaya cak, ya tsinci abu a saman laka, ya sake sheƙawa. Mai dogon baki kuwa kansa a ƙasa, yana caka laka ba ƙaƙƙautawa kamar allurar keken ɗinki, don da taɓawa yake gane tsutsa ba da gani ba. Shi ya sa kala biyar za su yi kiwo wuri guda ba mai tsone wa wani ido. Agwagin da ba sa nutso ma nan suka fi so: su dulmiya kai su bar wutsiya a sama, abin dariya.

Sai dai dausayi akwai wahala. Tsuntsayen na nesa, ciyawa ta tare ka, da hunturu kuma yawancin na gaɓar duk toka-toka suke, sun zubar da adon lokacin aure. Madubin hangen nesa na hannu, irin 8x42 mai girmama abu sau takwas, sau da yawa ba ya isa, sai babba mai ƙafa uku. Sabon shiga kan dawo da taɓo har gwiwa da ciwon kai.

Tafkin gona haƙa shi aka yi don ya riƙe ruwa, saboda haka yana da zurfi, gaɓarsa a tsaye. Tsuntsun gaɓa ba shi da wurin tsayawa, sai in ruwan ya ja baya ya bar ɗan zoben laka. Abin da za ka samu shi ne agwagi masu nutso, kazar ruwa, da zalɓe guda ya ƙame kamar an dasa. Kalolin kaɗan ne, amma kusa suke, har launin ido kana gani. Ka ƙirga daƙiƙun da mai nutso ke yi a ƙasa, ka yi canken inda zai ɓullo. Ni har yau ban cika dacewa ba. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa ma, mara zurfi ke fara zama ƙanƙara, sai agwagi su tattaru a tafkin da ya rage a buɗe.

Amma tafki da mai shi, sai ka nemi izini. Kuma ƙanƙantarsa na sa su saurin firgita: ka leƙo bisa tudun gaɓa gaba ɗaya, fir, sun tashi, sun ƙona kitsen da suke tattali. Ka laɓe bayan shinge ko ka zauna cikin mota, rana a bayanka.

Da ni ne kai, safiya uku na farko tafki zan ba, in koyi agwagi da kyau, sannan in shiga dausayi a tsakiyar Janairu. Lokacin ne ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, kuma in ka yi sa'a ka tarar da masu ƙidayar, roƙi su bari ka leƙa babban madubinsu.