Yadda ajin 'yarka ya koma karatu bayan hutun sanyi a New York

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin da ka nema game da makarantar firamare ta gwamnati a nan unguwar Bronx ta birnin New York. Tun da koyarwa ce sana'arka, zan tsaya a kan abin da ake yi a cikin aji, da abin da hukuma take bayarwa, da wanda iyaye suke saya da kuɗinsu, kamar yadda na gani a ajin 'yarka, wadda take aji biyu yanzu.

Hutun ƙarshen shekara gajere ne a nan. Ana tashi a jajibirin Kirsimeti, a koma a ranakun farko na Janairu, kuma ba sabon zango ake buɗewa ba kamar yadda ake yi a gida, shekarar karatun da aka fara a Satumba ce take ci gaba. Babu makon da ake ɓatawa wajen shara da jiran yara su gama hallara, domin ranar da aka koma, ranar aka ɗora darasi. Malamar ta sa kowane yaro ya rubuta 'yan jimloli a kan yadda ya yi hutunsa da kuma abu ɗaya da yake so ya iya kafin a tashi a watan Yuni, sannan aka manna takardun a bango. 'Yarka ta rubuta cewa tana so ta karanta littafi mai babi-babi ba tare da an taimaka mata ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gwajin karatu na tsakiyar shekara, wanda ake yi a wannan lokaci. Ba jarrabawa ba ce ta fitar da na ɗaya da na biyu. Ana kiran yara ɗaya bayan ɗaya, a ba kowa ɗan gajeren labari ya karanta da baki na tsawon minti ɗaya, malama tana riƙe da kwafin labarin tana sa alama a duk kalmar da ya yi tuntuɓe a kanta, daga nan ta tambaye shi abin da ya fahimta. An yi irinsa a farkon shekara, za a kuma maimaita a ƙarshenta, saboda haka ana iya ganin ko yaro ya matsa gaba ko yana nan inda aka bar shi. Da sakamakon ne ake sake raba ajin gida-gida: waɗanda har yanzu suke fama da haɗa baƙi da wasali suna zama da malama a wani ɗan tebur, sauran kuma suna karatu su kaɗai a gefe. Tun daga 2023 hukumar ilimi ta birnin ta matsa wa makarantu lamba su koma koyar da sautin haruffa dalla-dalla, bayan an lura cewa yara da yawa suna cinkar kalma ne daga hoto maimakon su karanta ta. Wato a nan ma ana kuka da yaran da ba su iya karatu ba.

Wannan gwaji ba ya bukatar lantarki ko kwamfuta, takarda ce da fensir da agogo. Abin da yake ci shi ne lokacin malami, kuma a nan ne bambancin yake da ajinka, inda yara suka haura saba'in. Ajin 'yarka bai kai talatin ba, duk da haka iyaye suna ganin ya cika, har jihar New York ta kafa doka a 2022 cewa a hankali a mayar da ƙananan azuzuwan makarantun birnin, zuwa aji uku, kada su wuce yara 20. A ganina ko da yara biyar za ka riƙa saurara a kowace rana, cikin 'yan makonni za ka san matsayin kowa.

A darasin kimiyya an yi amfani da abin da yanayi ya kawo. Yara sun zuba ruwa a kofuna, aka daskarar da shi, suka ajiye ɗaya kusa da bututun ɗumama aji, ɗaya a bakin taga, suna leƙawa suna zana abin da suka gani har ƙanƙarar ta narke. A lissafi kuma suna tarawa da ɗebewa da 'yan sanduna na roba masu wakiltar ɗaya da goma da ɗari, aikin da karan dawa da tsakuwa za su yi tsaf. Litinin ta uku a Janairu hutu ce ta tunawa da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, don haka kafin ranar aka ba su tarihinsa da na Ruby Bridges, yarinyar da tana da shekara 6 a 1960 jami'an tsaro suka raka ta makarantar da a da fararen fata kaɗai suke shiga a New Orleans. 'Yarka ta dawo da tambayoyin da sai da na yi tunani kafin in amsa. Yanzu kuma suna shirin bikin cika kwana 100 da fara karatu, inda kowa zai kawo abu guda ɗari a ƙirga, mu wake muka ware mata.

Game da kaya, littattafan karatu na makaranta ne, kuma tun 2017 abincin rana kyauta ne ga kowane ɗalibi, haka ma karin kumallo. Wasu makarantu suna da abincin halal, wasu ba su da shi, kuma gaskiya ba abinci ba ne mai daɗi, yara suna zubar da mai yawa, abin da zai ɓata maka rai in ka gani. Ɗakunan karatu na birni suna ba da aron littafi kyauta, sun ma daina cin tarar jinkiri tun 2021. Amma kada ka ɗauka iyaye ba sa kashe kuɗi. Bayan hutu malama ta turo saƙo cewa fensir da takardar goge hanci sun ƙare, a taimaka. Ga rigar sanyi mai kauri da takalmin dusar ƙanƙara da safar hannu, waɗanda yaro yake fin ƙarfinsu kowace shekara, safar kuwa ba ta kai wata guda ba ta ɓace.

Tsadar gaskiya tana wajen samun mai kula da yaro. Ana tashi kafin ƙarfe uku, rana tana faɗuwa kafin biyar a wannan wata, mu kuma muna wurin aiki, ga shi babu kaka ko gwaggo ko maƙwabciyar da za a ce ta je wurinta. Gurbin zaman yamma na kyauta a makaranta ba ya isa kowa, wanda bai samu ba sai ya biya. Idan dusar ƙanƙara ta yi yawa aka rufe makarantu, ana iya cewa a yi darasi ta intanet, dole ɗayanmu ya bar aiki ya zauna da ita.

Haka nan karatun Alƙur'ani. An sa hutun Sallah ƙarama da babba cikin jadawalin makarantun birnin tun 2015, mun kuma gode da hakan, sai dai makarantar allo ta kullum babu ita. Asabar da Lahadi kawai ake zuwa masallaci, da kuɗin wata, kuma sanyi yana hana zuwa wani lokaci. Sa'o'inta na can gida sun yi mata nisa a hadda. Akwai wani hutun na mako guda a tsakiyar Fabrairu, don haka ina roƙonka ka nema mana malami mai haƙuri wanda zai riƙa yi mata ƙari ta waya, bayan sallar Isha'i a wajenku, lokacin da ya yi daidai da yammacinmu.