Hattara da masu sa wa mota "fankar lantarki" ta bogi

Jama'a, masu mota ku buɗe ido. Akwai masu tallar cire fankar inji mai juyawa da bel su sa ta lantarki, wai mota za ta rage shan mai sosai, ta ƙara gudu, ta daina zafi har abada. Ni na faɗa hannun ɗaya daga cikinsu.

Aikin kansa ba ƙarya ba ne, don yawancin ƙananan motoci na yanzu da fankar lantarki suke fitowa daga kamfani. Ha'incin yana cikin abin da ake ɗaura maka.

Mutumin ya nuna mini kwali mai ƙyalli, an rubuta yawan iskar da fankar ke ja da manyan lambobi. Sai da ɓarna ta faru na duba bayanta na ga ɗan rubutu: wat 80. Raba 80 da bolt 12 na batir, ko amfiya 7 ba ta kai ba. Fankar da za ta iya da babban inji takan ja amfiya 15 zuwa 30, shi ya sa take buƙatar rile (makunnin da ke ɗaukar wuta mai yawa) da fiyus da waya mai kauri, da kuma altanato mai ƙarfin ɗauka. Tawa kuwa da siririyar waya ya jona ta kai tsaye da makulli, babu fiyus, babu na'urar da ke kunna ta in ruwa ya yi zafi. Ya ɗaure ta a jikin lagireto da igiyoyin roba da ya soka ta tsakanin haƙarƙarinsa. Gidan fankar nan na roba, wanda ke sa iska ta ratsa duk faɗin lagireto, ya cire shi ya ce, "Alhaji, wannan ai kwalliya ce." Har tamostat, na'urar da ke tsare ruwa a cikin inji sai ya yi zafi, ya zare bai faɗa mini ba, don allurar zafi ta daɗe a ƙasa in ɗauka aiki ya yi kyau.

Ga inda wayonsa yake: a buɗaɗɗen titi ya kai ni gwaji. Mota in tana gudu, iskar hanya ce ke sanyaya lagireto, ko ba fanka allura ba za ta tashi ba. Ni kuwa har da yi masa godiya! Kwana uku bayan haka na shiga cunkoso da esi a kunne, allura ta haye ja, ruwa ya tafasa, gasket ya ƙone.

Duk wanda zai yi wannan canji, ya karanta wat ko amfiya a jikin fankar, ba a kwali ba. Ya ga rile da fiyus da idonsa. Gwaji kuma a tsaye ake yi: inji a kunne, esi a kunne, na tsawon lokaci, a ga fanka ta tashi da kanta ta tsaya da kanta. In tsohuwar fanka ce ta rage ƙarfi, sau da yawa kulocinta, wato abin da ke haɗa ta da juyawar inji, ne ya gaji, shi kaɗai za a canza.

Kuma kada ku bar masa tsofaffin kayanku. Da na koma neman nawa ya rantse an zubar. Ina juyowa na hango fankar tawa da gidanta a rataye, an wanke su tas, ana jiran mai saye.