Sauke injin tsohuwar Hilux a gida ko sayen na Beljiyam

Ɗan'uwanmu na Kumo ya yi tambaya a kan a-kori-kurarsa, Toyota Hilux ƙirar 1989 mai injin 22R, wadda yake ɗaukar masara da wake da ita zuwa Gombe. Ya ce ta fara shan baƙin mai, tana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma ba ta da ƙarfi a hawa, don haka yana son sanin wanne ya fi, ya sauke injin ya gyara shi a gida har ya ƙara masa ƙarfi, ko ya sayi na Beljiyam ya ɗora.

Malam, amfanin injin Beljiyam shi ne sauri. Ana sayo shi daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, makanike ya ɗora shi cikin kwana ɗaya ko biyu, mota ta koma neman kuɗi. Sai dai Toyota ta fara ƙera 22R a 1981, ta daina tun cikin shekarun 1990, saboda haka duk wanda za a sayar maka tsoho ne kamar naka, kuma ba ka san irin wahalar da ya sha ba. Ƙarar da za ka ji idan aka tayar maka da shi a ƙasa ba ta nuna yadda zai yi da buhu goma a bayansa.

Gyaran gida ya fi cin lokaci, amma a ƙarshe ka san abin da ke cikin injinka. Wannan inji mai silinda huɗu ne, lita 2.4, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, kansa alminiyam, kuma yana da sauƙin kwancewa ga mai haƙuri. Aikin da ba ya yiwuwa a tsakar gida shi ne awo da yanka. Dole a kai gangar da karanshaf wurin masu injin yankan ƙarfe. Idan silinda ta cinye sai a faɗaɗa ta a sa fistin mai ƙarin milimita 0.50, idan karanshaf ya yi zane a rage shi a sa metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, wanda ya dace da sabon awon. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba sababbin ring, wato zobban fistin, cikin silindar da ta riga ta buɗe, bayan 'yan watanni hayaƙin ya dawo a ce kayan ne jabu. Kan injin ma a duba ko ya lanƙwashe, domin alminiyam ba ya jure zafi, sannan a ɗaure kusoshinsa bi da bi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, a kai ƙarfin ɗaurinsu wajen 79 Nm a ma'aunin sifanar. Kuma a haɗa injin a cikin ɗaki, kowane ƙarfe a rufe da tsumma mai tsabta, musamman da hunturu, domin ƙurar da ta shiga tsakanin metal da karanshaf tamkar yashi ce.

Wajen sayen kaya ka tafi da tsofaffin a hannu, saboda an sauya fasalin injin a 1985, kuma fistin da kan inji da sarƙar tayimin na kafin wannan shekara ba sa hawa naka.

Maganar ƙara ƙarfi kuwa, a ganina yawancinta asarar kuɗi ce ga motar kaya. Babban kafireto irin Weber yana iya ƙara ɗan kuzari, amma idan ba a saita shi daidai ba sai ya ƙara shan fetur. Ɗora injin Toyota 3RZ mai lita 2.7 yana ba da ƙarfi na gaske, sai dai yana jawo aikin wayoyi da kwamfuta da sauya mazaunin inji, wanda ya wuce aikin gida. Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne sarƙar tayimin: madogaranta na roba ne, idan suka karye sarƙar takan ci murfin gaba har ruwa ya gauraya da baƙin mai, don haka ka nemi masu bayan ƙarfe. Ka wanke lagireto ko ka sabunta shi, kuma kada ka bari a cire maka tamostat da sunan maganin zafi.

Shawarata ita ce ka kwance naka a auna shi kafin ka kashe ko sisi. Idan gangar ba ta tsage ba kuma akwai sauran kaurin ƙarfen da za a iya yankawa, ka gyara, ka bi ta a hankali ba tare da lodi mai nauyi ba, ka juye baƙin mai bayan kilomita 800 na farko. Idan ta tsage, ko kaka ta kama ba ka iya ajiye motar mako biyu, ka sayi na Beljiyam, amma a auna ƙarfin matsin kowace silinda a gabanka kafin ka biya.