Na'urar auna haske: wata uku tana shagona na ɗinki

Dab da ƙaramar Sallah idanuna suka fara ruwa duk daren da na zauna kan keke, musamman in baƙin zare nake bi a kan baƙin yadi. Ƙanina mai aikin sola ya ce, "Yaya, daina canza ƙwan fitila da ka, auna tukuna." Shi ya sa na sayi 'yar na'urar auna haske. Ba ta wuce tafin hannu ba, ƙananan batura take ci, a samanta akwai farin ido mai karɓar haske, allonta kuma ya nuna lamba a ma'aunin laks, wato ƙarfin hasken da ke sauka a kan wuri.

Na rufe shago da dare, na ajiye ta daidai inda allura take, na riƙa sauya ƙwai a soket ɗaya. Tsohon ƙwai mai zafi na wat 60 da ƙwan LED na wat 9 kusan lamba ɗaya suka ba ni, dama kowannensu wajen lumen 800 yake fitarwa (lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da ƙwai ke bayarwa). Ƙwan nan mai murɗe ya fara da rauni, sai bayan 'yan mintuna ya kai ƙarfinsa. Wanda ya ɓata mini rai shi ne wani da na saya a kasuwa, an rubuta wat 30 ɓaro-ɓaro a kwalinsa, amma bai kamo na wat 9 ba. Ashe wat wutar da ƙwai ke sha yake nunawa, hasken kuwa lumen ake dubawa, shi ma in mai kwalin ya faɗi gaskiya.

Abin da ya fi amfanata shi ne tazara. Ƙwan yana rataye mita 2 sama da keke, na sauko da shi zuwa mita 1, lambar ta kusa ninkawa huɗu. Ko sisi ban kashe ba. A ƙa'idar Turai laks 500 ake so a teburin ofis, ɗinki mai ƙananan idanu ya fi haka buƙata, ni kuwa shekara da shekaru ko rabin hakan ba na samu.

Tana da nata cikas. Inuwar hannunka kaɗai tana sauya lamba, dole ka ja da baya ka danna maɓallin tsayar da ita. Ba ta kuma gaya maka ko hasken zai nuna launin yadi daidai, wannan sai ido.

Yanzu tana gidan maƙwabciyata mai surfani, ta ara don ta gwada fitilar cajin da 'ya'yanta ke karatu da ita.