Mod Organizer 2 a kan Linux: tana aiki, in dai ka haɗa ta ɗaki ɗaya da wasan

Mod Organizer 2, wadda masu harkar ke kira MO2, manhaja ce ta kyauta da ake jera mod, wato ƙarin fayilolin da 'yan wasa ke yi don sauya wasa, da ita a wasannin Bethesda irin su Skyrim Special Edition da Fallout 4 da Fallout: New Vegas. Don Windows aka gina ta. Duk da haka tana tashi a Linux, tana kuma ɗaukar ɗaruruwan mod ba tare da gardama ba, in an zaunar da ita inda ya dace. Yawancin masu cewa ta ƙi aiki, ba manhajar ce ta gaza ba, wurin zama suka ba ta ba daidai ba.

Sai an fahimci abu biyu kafin a taɓa komai. Na farko shi ne Proton, wanda Valve, mai dandalin wasanni na Steam, ta fitar a 2018 a kan tushen Wine, manhajar da ke kunna shirye-shiryen Windows a Linux. Duk wasan Windows da ka kunna a Steam na Linux, Proton yana gina masa wani ƙaramin Windows na bogi, da faifan C: nasa da rajistarsa da foldar Documents tasa. Sunansa a wajensu prefix, mu kira shi ɗakin wasan. Na Skyrim Special Edition yana steamapps/compatdata/489830/pfx, na Fallout 4 lambarsa 377160, na New Vegas 22380. Abin da ka girka a ɗaki ɗaya, maƙwabcinsa bai san da shi ba.

Na biyu shi ne dabarar MO2 kanta. Ba ta zuba fayilolin mod cikin foldar Data ta wasan. Kowane mod yana zaune a foldarsa, sai a lokacin kunna wasa wani ɓangare nata mai suna USVFS ya shiga tsakanin wasan da faifai, ya riƙa nuna masa kamar duk fayilolin suna cikin Data. Wannan rufa-ido yana kama shirin da MO2 ta tayar da hannunta ne kaɗai. To a Linux, in MO2 tana wani ɗaki wasan yana wani, ko ka buɗe ta da Wine na kwamfutarka alhali wasan yana kan Proton, za ka ga mod ɗari biyu duk da alamar amincewa a gefensu, ka shiga wasa ka tarar da Skyrim tsurarsa kamar yadda ya fito daga kamfani. Babu saƙon kuskure ko ɗaya, kuma wannan shirun ne ke ɓata wa mutane kwana biyu suna neman laifi inda babu.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce ta protontricks, ƙaramar manhajar da ke girka abu ko tayar da shiri a cikin ɗakin wasa. Ka fara kunna wasan sau ɗaya daga Steam har ya kai babban shafinsa, ka fita. Kada ka tsallake wannan, domin a nan ne ake gina ɗakin, a rubuta inda wasan yake cikin rajista, a kuma samar da fayilolin ini. In babu su, MO2 ba za ta gano wasan ba, SSEEdit, manhajar gyara fayilolin mod na Skyrim, ma haka. Daga nan ka zuba fayilolin tallafi na Visual C++ da MO2 da mod masu DLL (fayilolin shiri na Windows) ke jingina da su:

protontricks 489830 vcrun2022

Sai ka sauko da MO2 a matsen 7z, ka warware ta a wata folda cikin foldar gidanka ta Linux, misali ~/Games/MO2, ba cikin ɗakin wasan ba. Dalili kuwa, ranar da ɗakin ya lalace, maganinsa gogewa ne a sake gina sabo, kuma ba ka son gigabayit hamsin na mod su bi shi. Ka tayar da ita da wannan, Steam yana buɗe:

protontricks-launch --appid 489830 ~/Games/MO2/ModOrganizer.exe

In ta tambaye ka irin zaman da kake so, zaɓi Portable, don komai ya tsaya a folda ɗaya. Wajen nuna mata wasan, ka tuna cewa a idon Wine duk faifan Linux ɗinka shi ne Z:, saboda haka hanyar za ta fara da Z:\home\. A saitin furofayil kuma ka kunna ajiyar wasa ta furofayil, in ba haka ba ajiyarka tana cikin Documents na ɗakin, ta tafi tare da shi ranar gogewa.

Sigar Proton tana da tasiri. Daga 2.5 MO2 ta koma kan Qt 6, kuma Proton 8 da waɗanda suka gabace shi ba sa ɗaukar ta lafiya. Ka sa wasan a kan Proton 9 ko sabo. Tsohuwar 2.4.4 ce ke tafiya da Proton 8, shi ya sa tsofaffin bayanai a intanet ke nacewa a kanta. Ka zaɓi siga ɗaya ka tsaya a kai. Proton Experimental yana sauyawa ba sanarwa, abin da ya yi aiki ranar Litinin yana iya ƙi ranar Alhamis ba ka taɓa komai ba. Komawa daga sabon Proton zuwa tsoho a ɗaki ɗaya kuma yakan ɓata ɗakin.

Akwai masu yi maka wannan aikin. SteamTinkerLaunch, wanda ake iya girkawa ta ProtonUp-Qt, yana girka MO2 da Vortex, wata manhajar jera mod, duka, yana kuma da maɓallai fiye da yadda mai hankali ke buƙata. Yana aiki, amma in abu ya karye sai ka rasa ko laifinsa ne ko na Proton ko na mod. Ɗayan, modorganizer2-linux-installer, ya fi sauƙin kai: yana sa maɓallin kunna wasa na Steam ya buɗe MO2, yana kuma haɗa maka mahaɗan saukarwa na Nexus Mods, shafin da ake sauko da mod. Ga wanda bai saba da rubuta umarni ba, wannan ya fi. Sai dai in ka sa Steam ya binciki lafiyar fayilolin wasan, zai mayar da asalin fayil ɗin kunnawa, ka sake girkawa.

Da zarar ta zauna, aikin yau da kullum ba shi da bambanci da na Windows. Jan mod sama da ƙasa, ganin wanne ya danne wanne, tagogin FOMOD masu tambayar zaɓi, furofayil daban-daban, duk lafiya lau. A Steam Deck, na'urar wasa ta hannu ta Valve mai allo 1280 da 800, rubutun yakan yi ƙanƙanta ko ya cushe. Ana gyara shi a winecfg, shafin Graphics, inda ma'aunin yake kan 96. Inda ake jin nauyin Wine shi ne lokacin tashi. USVFS sai ya gina taswirar kowane fayil kafin wasan ya buɗe, kuma tambayar faifai ta bakin Wine ta fi tsada. Da ƙaramin jeri ba za ka lura ba. Da jeri mai mod dubu, za ka zauna kallon baƙin allo har ka fara zaton ya mutu. Bai mutu ba, ka ba shi lokaci. Bayan an shiga wasan, gudunsa ya dogara ne ga DXVK, mai fassara wa Linux umarnin hoton wasa, da katin hotonka, ba ga MO2 ba.

SKSE, wato Skyrim Script Extender da mod da yawa ke jingina da shi, na buƙatar kulawa ta daban, domin rufa-idon MO2 a kan Data ya tsaya. Fayil ɗin skse64_loader.exe da DLL ɗinsa dole su shiga ainihin foldar wasan, kusa da SkyrimSE.exe, foldar Scripts kuwa a girka ta kamar kowane mod. Lambar da ke jikin DLL ɗin ita ce sigar wasan da yake nema: skse64_1_6_1170.dll na wasa 1.6.1170 ne, ba zai yi wa mai 1.5.97 amfani ba. Don tabbatarwa, buɗe akwatin umarni na wasan da maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, ka rubuta getskseversion. In ya ba ka lamba, an haɗu.

Ga wani tarko da ya fi kama mutanen Linux. A Windows ana kauce wa sabunta wasa ta hanyar kunna shi daga MO2 ba tare da taɓa maɓallin Steam ba. A nan kuwa, in tsarinka ya sa maɓallin Steam ne ke buɗe MO2, ranar da Bethesda ta saki sabuntawa Steam zai tilasta maka ita kafin ya bar ka wucewa, SKSE da duk mod da ke kansa su zube. Ka kulle fayil ɗin appmanifest_489830.acf da ke cikin steamapps ya zama na karantawa kawai, ko ka kwafi foldar wasan gaba ɗaya zuwa wani wuri ka nuna wa MO2 kwafin.

Sai batun DLL da ake ajiyewa a gefen wasa don ya ɗauka. Windows yana fara duba foldar wasan, shi kuwa Wine, ga wasu sunaye, nasa na cikin gida yake fifitawa, ya yi biris da naka. Ana juya masa tsarin ne a zaɓin kunnawa na Steam. Ga ENB, mod mai ƙawata hoton wasa, wanda ke zuwa da d3d11.dll:

WINEDLLOVERRIDES="d3d11=n,b" %command%

Harafin n yana nufin a fara da fayil ɗin da ka kawo, b kuma a koma kan na Wine in ba a samu ba. Wannan ilimin ya wuce Skyrim: BepInEx na wasannin Unity yana son winhttp, Cyberpunk 2077 kuma yana son winmm da version saboda RED4ext da Cyber Engine Tweaks. Alamar mantawa da shi iri ɗaya ce ko'ina, wasa ya tashi lafiya amma mod bai ko motsa ba.

Kayan aikin da ake kunnawa ta cikin MO2 ba halinsu ɗaya ba. SSEEdit yana tafiya sumul, har da tsaftace fayiloli. BodySlide ma yana gina jiki da tufafin mutanen wasa ba matsala. LOOT, mai tsara jerin lodin mod, yana da sigar Linux, amma ita ba ta ganin Data ta bogi, don haka ta Windows ɗin za ka saka cikin MO2. Masu ciwon kai su ne waɗanda aka rubuta da .NET. Proton yana zuwa da Wine Mono a madadinsa, wanda ke isar wasu ya gaza wa wasu. Girka dotnet48 ta protontricks yana cin lokaci, yana cire Mono, wani sa'in kuma ya tsaya a tsakiya ya bar ɗakin a hargitse. Kafin ka gwada, kwafi foldar 489830 gaba ɗaya ka ajiye gefe. Sababbin kaya irin Pandora, mai haɗa motsin mutanen wasa, suna neman .NET na zamani, kuma sigar Windows za ka girka a cikin ɗakin. Wadda ke kan Linux ɗinka ba ta da amfani a nan. In ka shiga wasa ka ga mutane sun tsaya ƙiƙam hannuwa a baje suna zamewa a ƙasa, to kayan haɗa motsi ne bai kammala ba, ko abin da ya fitar yana kwance a foldar Overwrite ta MO2 ba a mayar da shi mod ba.

Babba da ƙaramin baƙi ma suna da nasu rikicin. A ext4, Textures da textures folda biyu ne, a Windows ɗaya. Wine yana rufe wannan gibin muddin guda ce ke wurin. In ka warware mod da hannu ta manhajar Linux har biyun suka samu a waje ɗaya, wasan zai ga ɗaya ya bar ɗaya, sai ka ga sulke ko bango ya koma shunayya. Ka bar MO2 ta riƙa warware matsen da kanta. Faifan NTFS da aka gada daga Windows kuwa, kada ɗakin Proton ya zauna a kansa, domin yana ƙunshe da mahaɗai masu suna irin c: waɗanda NTFS ba ya maraba da su.

In mod ɗinka suna faifai na biyu kuma MO2 ta ce ba ta gan su ba, katanga ce. Steam yana kunna Proton cikin wani killataccen akwati, sai ka buɗe masa ƙofa da STEAM_COMPAT_MOUNTS=/hanyar/faifan kafin %command%. Protontricks na Flatpak shi ma sai an ba shi izinin wannan faifan, ta Flatseal ko flatpak override. Wasan da ke faɗuwa bayan an loda masa kaya da yawa kuma, duba vm.max_map_count: tsohon ma'auninsa 65530 ne, Fedora da Arch da Ubuntu na yanzu sun ɗaga shi zuwa 1048576. In duk wannan bai nuna laifin ba, PROTON_LOG=1 %command% zai ajiye maka steam-489830.log a foldar gidanka.

Wurin da MO2 ta fi ba da haushi shi ne maɓallin saukarwa na Nexus Mods. Mahaɗin nxm:// yana fitowa ne daga burauzar Linux, mai karɓarsa kuma, nxmhandler.exe, yana cikin ɗakin Wine, sai an rubuta ƙaramin fayil na .desktop an yi masa rajista da xdg-mime kafin su ji juna. Wanda ya girka da hannu zai fi samun kwanciyar rai in ya sauko da fayil da kansa ya jefa shi a foldar downloads ta MO2.

Vortex fa? Ita ba rufa-ido take yi ba, tana dasa mahaɗan fayil ne kai tsaye cikin Data, saboda haka bayan ta gama, wasan yana tashi daga Steam ba sai tana buɗe ba. A Steam Deck wannan riba ce ta gaske. Amma dole ma'ajiyar mod da wasan su kasance a ɓangaren faifai ɗaya, kuma tana duba harafin faifai: ma'ajiya a C: wasa a Z: za ta ƙi, ko da a zahiri faifai ɗaya ne. Tana kuma da nauyi a kan Wine fiye da MO2. Ga mod ashirin a wasan da ba na Bethesda ba, ta wadatar. Ga Skyrim ko Fallout mai dogon jeri, inda kullum ake cire wannan a gwada wancan, MO2 ce zaɓi, domin foldar wasan tana nan da tsaftarta, kuma cire mod cire alama ɗaya ne kawai.