Kwandon gora, na silba ko na lantarki: wanne za ki saya don turara abinci?

Sai da na sayi kwando uku kafin na iya sayen kwandon gora. Na farko ya kunyata ni a gaban baƙi. Na biyu funfuna ce ta cinye shi a damina, wannan kam laifina ne. Na uku shi ne yake rataye a kicin ɗina shekara huɗu ke nan, ya yi ja kamar tsohon faifai, ko tsinke ɗaya bai zare ba. Tun daga farko gara in faɗa miki inda na karkata: in kin tambaye ni, na gora za ki saya. Amma ba kowane na gora ba, kuma ba don kowane girki ba.

Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, kwando ne zagayayye kamar rariya, gefensa gora ce da aka fere aka lanƙwasa, ƙasansa tsinkayen gora ne a jere da 'yar tazara tsakaninsu, murfinsa kuma saƙa ce kamar ta tabarma. Ana ɗora wani kan wani, hawa biyu ko uku, a aza su kan tukunyar da ruwa ke tafasa. Kayan girkin mutanen Sin ne, suna ce masa zhenglong, Japanawa kuma seiro. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sun san shi sarai, domin a gidajen shayin can da na Hong Kong a cikinsa ake kawo ƙananan cimar safe da suke kira dim sum, kwanduna a jibge suna tururi. Har curin fulawa mai romo a ciki da yankin Shanghai ya yi suna da shi, xiaolongbao, daga ɗan kwandon ya samo sunansa. A lardin Guangdong akwai wani gari, Silun, a yankin Luoding, da aka san mutanensa da wannan saƙa tun kaka da kakanni.

Sirrin abin duk yana murfi. Idan kika rufe tukunya da murfin ƙarfe, tururi yana hawa ya daki ƙarfen, ya koma ruwa, ya riƙa ɗigowa kan abincin. Shi ya sa za ki buɗe ki tarar saman alalarki ya yi laɓo-laɓo, ko burodin turare ya yi tabo ya yamutse. Murfin gora yana shanye wannan gumin, ragowar tururin kuma ya sulale ta ramukan saƙar. Ranar da na fara turara curin fulawa a cikinsa na buɗe na ga samansa fari sumul, a bushe, na danna da yatsa ya dawo. Ban taɓa samun haka da murfin silba ba sai in na naɗe shi da tsumma, kuma wa ke da lokacin naɗe murfi kullum?

Ga shi ba nauyi. Ga shi gefensa ba ya ƙuna kamar ƙarfe, da ɗan tsumma kin sauke, ki kai shi kan tabarma ko tebur yadda yake, ya zama shi ne kwanon. Wuta ɗaya tana dafa miki abu biyu: dankali ko kaza a hawan ƙasa inda tururi ya fi ƙarfi, kabeji da karas a sama. Da tsadar gas ɗin nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kifi madaidaici, kamar karfasa mai rabin kilo, minti 10 zuwa 12 ya nuna. Ki sa shi a faranti da citta da albasa mai lawashi, ki ɗora farantin cikin kwandon. Ganye minti 5. Curin fulawa minti 12 zuwa 15. Alala ce mai cin lokaci, tana kai minti 40 ko fiye, don haka ki ajiye tafasasshen ruwa a gefe kina ƙarawa. Akwai kuma wani ɗan ƙamshi da yake bari, kamar na sabuwar tabarma da ruwa ya taɓa. Maigidana ba ya jinsa, ni ina ji.

Sauran fa? Na silba mai hawa-hawa yana da ƙarko, ba ya funfuna, ki wanke shi da sabulu yadda kika ga dama. In gidanku babba ne kuma alala kawai kike yi, ba zan hana ki ba, sai dai ki haƙura da ɗigon ruwa. Ɗan ƙaramin nan na ƙarfe mai buɗewa kamar fure, na karas ɗin jariri ne. Na lantarki kuwa, ki tambayi kanki awa nawa kuke samun wuta a unguwarku, amsar ta ishe ki. Na roba mai laushi ban ma son taɓa shi, lanƙwashewa yake in ya ɗau nauyi. Akwai wani kwandon gora mai tsini kamar malafa da ake turara shinkafa mai danƙo da shi a Laos da arewa maso gabashin Tailan; kyakkyawa ne, amma aikinsa ɗaya tak, kuma sai da tukunyarsa ta musamman.

Madambaci dai ba na haɗa shi da kowa. Kar wata ta ce na ce a jefar da shi. Dambu, dashishi da burabusko suna son zurfi, suna son a liƙe bakin tukunya da tsumma ko ƙullu don tururi ya ratsa tsakin da ƙarfi. Kwandon gora bai da wannan zurfin, cikinsa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Na gwada dambun shinkafa a ciki da shimfiɗar farin ƙyalle, ya yi, amma na mutum biyu ne kawai. In za ki ciyar da gida, ki sauko da madambacin da kika gada.

Girman da za ki nema inci 10 ne, wato santimita 25, hawa biyu da murfi ɗaya. Shi ne yake ɗaukar faranti da kifi, kuma ya zauna kan yawancin tukwanenmu. Mai inci 6 ko 8 na kawo abinci ne gaban mutum ɗaya a gidan abinci. Mai inci 12 yana da kyau in kina da faffaɗan kasko irin na Sinawa, in babu zai zame miki kaya. Ki auna bakin tukunyarki tun a gida. Ki kuma sani awon da ake rubutawa na waje ne, cikin yana raguwa da kamar santimita 2, kuma farantin da za ki sa dole ya bar tazarar yatsa a kewaye don tururi ya samu hanya. In tukunyar ba ta dace ba, akwai wani faifan ƙarfe mai rami a tsakiya da ake ɗorawa a bakinta, kwandon ya zauna a kai. Ki saye shi tare, yana hana gefen kwandon ƙonewa.

To, mu zo kan inda aka cuce ni, don nan ne kuɗinki zai tafi in ba ki yi hattara ba.

Na farkon nan a intanet na gan shi, wurin wata mai sayar da kayan kicin. Hoto tas, hawa uku, launin zuma, har da tururi yana tashi. Na yi cinikin biri a sama, na tura kuɗi. Da ɗan aike ya kawo, abin da na fara ji da na yage ledar wari ne kamar na shagon kafinta. Na ce ai sabo ne, zai fita. Hawa biyu ne ba uku ba. Da na yi magana aka ce murfin ne na ukun. Na haɗiye. Ranar da dangin maigida suka zo shan ruwa da azumi na jera alala gwangwani bakwai a hawan ƙasa. Wajen minti 20 na ji wani fuu, sai ƙarar gwangwanaye. Ƙasan kwandon ya ɓalle gaba ɗaya, alala ta kife cikin ruwa, ƙullun ya bi tukunya ya zama kunun wake. Da na ɗaga na duba, ashe tsinkayen ba a soke su cikin gefen ba, da gam aka manna su, tururi ya narkar da shi. Uwar mijina ta leƙo ta ce, "'Yar nan, ina tukunyarki ta da?" Ƙosai na soya a gurguje, ana kiran sallah ina juya mai.

Daga ranar na koyi kifa kwando kafin in biya. Ki juya shi ki dubi ƙasan. Na kirki za ki ga tsinkayen sun shige cikin gefen, an ɗaure su da zaren gora ko an kafe su da 'yan turakun gora, sau da yawa da sanda biyu a gicciye a ƙarƙashi suna tallafe da su. Ki danna tsakiya da tafin hannu, ya ɗan ba da kai ya dawo, kar ya yi ƙara. In kika ga wani abu mai sheƙi ya daskare a mahaɗa kamar ƙaro, gam ne, ajiye musu kayansu. In kika ga ƙananan ƙusoshin waya irin na maƙala takarda, su ma ajiye. Wata ɗaya za su yi tsatsa, su bar miki jan tabo a abinci, wata rana ɗaya ta zare ta shige cikin loma. Wayar tagulla ko ta silba a gefe ba laifi, akwai masu kyau da ake ɗaurewa da ita. Wasu ana naɗe bakinsu da silba gaba ɗaya, suna daɗewa kuma hawan yana zama daram, sai dai bakin yana ƙuna kuma sun fi tsada.

Ki sansana. Gora warin ciyawa busasshiya take yi. In kin ji warin fenti ko banish, ko kin ga yana ƙyalli kamar kujerar falo, na ado ne, an yi shi don a sa alewa ko a rataye a bango, ba don wuta ba. Masu sayarwa da yawa ba su ma san bambancin ba, wasu kuma sun sani. Wanda ya yi fari fat kamar takarda shi ma ina tsoronsa, domin akan turara kayan gora da farar wuta don su yi haske. In kin kai hanci kika ji kamar an ƙyasta ashana, shi ne. Launin gaskiya ruwan ƙasa ne mai haske, ba ya zama iri ɗaya ko'ina.

Ki ɗaga murfin ki kalli haske ta cikinsa. Saƙa biyu ake yi wa na kirki, bai kamata ki hango rana ba. In kina ganin fuskar mai shago ta ciki, tururinki duk guduwa zai yi. Ki ɗora hawan kan juna ki girgiza, su shige ba tare da kin danna da ƙarfi ba, kuma kar su yi rawa. Ki shafa yatsa a hankali a gefen, in sartse ya kama ki a shago, zai kama ki a abinci. Ki duba ƙananan ramuka kamar na allura da gari-gari a kusa, wannan ƙwaro ne ya riga ki shiga. Baƙin ɗigo-ɗigo kuma funfuna ce tun daga jirgin ruwa, kar a ce miki adon gora ne.

Gwanjo kuwa, ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa. Gora tana shan maiƙo, ba ta sakinsa duka ko an wanke. Da yawa daga abin da ake turarawa a gidajen dim sum da naman alade ake yinsa, kuma ba ki san kicin ɗin da kwandon ya fito ba. Tukunyar ƙarfe kya iya dirje ta ki samu natsuwa, wannan ba haka ba ne. Saboda gora tana shan wari ne ma na ware hawa ɗaya na kifi kaɗai, na ɗaura masa jan zare don kar yara su haɗa.

In dole sai ta intanet za ki saya, ki ce a ɗauko miki bidiyon ainihin wanda za a aiko, a kife, da abin awo a kansa. Ki tambaya a fili: kwando nawa, ban da murfi? Wadda ta ce "irin na hoton ne, Hajiya, kar ki damu," ki damu. In kina da mai zuwa Sin, roƙonsa ya fi, ki ce ya shiga shagon da masu gidajen abinci ke sayayya, ba na tsarabar baƙi ba. Nawa na uku haka ya zo, cikin jakar ƙanin maigida, an cusa masa safa a ciki.

Idan ya iso, ki wanke da ruwan ɗumi, ki jiƙa shi kamar minti 30, sannan ki turara shi babu komai na minti 15. Kullum ki yi shimfiɗa kafin ki sa abinci: ganyen kabeji, ganyen ayaba, farin ƙyalle, ko takardar gashi da kika huhhuda. Ruwan tukunya kar ya taɓa ƙasan da abinci yake, kuma kar ya ƙone. In ya ƙafe, gorar ce za ta fara babbakewa, warin kuma ya shiga komai.

Na biyun da funfuna ta ci, ga yadda aka yi. Na wanke shi da daddare a watan Agusta, na rufe da murfinsa yana da danshi, na tura cikin kabad, na yi tafiyar kwana tara. Na dawo na tarar ya yi gashi kore. Yanzu ruwan zafi da ɗan buroshi kawai nake sa masa, sabulu sai in maiƙo ya kama, in ɗauraye nan take. In ware hawan daban-daban, in jingine su inda iska ke wucewa har kwana biyu in damina ce. Da hunturu kuma akasin haka ne, iskar tana busar da shi har ya tsage, don haka ba na shanya shi a rana, kuma in ya kwana biyu ban taɓa shi ba sai na tsoma shi a ruwa minti kaɗan kafin ya hau wuta. Ƙusa na kafa masa a bango kusa da taga, nesa da murhu, kuma ban ƙara sa shi a leda ba.