Addu'a ta zama al'ada: Zabura ko abokin addu'a?

Idan bakinka na addu'a zuciya na kasuwa, gwada Zabura. Waƙoƙi 150 ne a Littafi Mai Tsarki. Biyar a rana, wata ɗaya ka gama, sai dai ta 119 mai aya 176 a ba ta ranarta. Karanta da murya, ka tsaya a ayar da ta taɓa ka, ka mayar da ita roƙonka. Ranar da zuciya ta bushe ƙarau, buɗe Zabura ta 13 ko ta 42. Matsalar wannan hanya ita ce gaggawa: karatu ya koma cika ƙa'ida.

Abokin addu'a kuwa maganin kasala ne. Mutum ɗaya daga ikkilisiya, sau ɗaya a mako, minti 20. Amma hira kan cinye lokacin, wani lokaci har gulma ta shigo da sunan "batun addu'a". Wanda kalmomi suka ƙare masa, Zabura ta fi masa.